Waliyi Agustin, Malamin Makaranta Da Ya Zama Bishop

A zangon da ya wuce, sa'ad da aka rarraba mu cikin makarantun firamare domin gwajin koyarwa, ni aji biyar aka ba ni, kuma hedimasta ya ɗora mini darasin addini na kowace safiya. Na karɓa da murna, gama a makarantar mishan na tashi, katikizim kuwa tun ina ɗan shekara tara na hardace shi. Ran Talata ta mako na biyu ina ba su labarin halitta daga farkon Littafin Farawa, sai wani yaro a bencin baya ya ɗaga hannu. Ya tambaye ni yadda aka yi haske ya kasance tun kwana na fari, alhali ba a halicci rana da wata ba sai a kwana na huɗu. Aji ya yi tsit, kowa ya zuba mini ido, ni kuwa ban san amsa ba. Kunya ta kama ni, ta juya ta zama fushi, na ce rashin kunya ke damunsa, na yi masa bulala uku.

Da na dawo koleji ran Asabar abin yana ta cina a rai, sai na faɗa wa tsohon Fadan da ke koya mana addini. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai ɗauko littattafai biyu ya miƙo mini, ya ce wanda ya rubuta su ya riga yaron nan yin wannan tambaya da shekaru fiye da 1,600, kuma shi ma malamin makaranta ne kamata. Labarin mutumin nan nake so in ba 'yan'uwana masu koyon malanta, gwargwadon abin da na fahimta.

An haifi Agustin ran 13 ga Nuwamba, shekarar 354, a wani ƙaramin gari mai suna Tagasta, cikin ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya. A lokacin nan arewacin Afirka duka tana hannun Romawa. Mutumin Afirka ne, kuma in ban da shekara biyar da ya yi a Italiya, duk ransa a Afirka ya yi shi. Ubansa Fatrisiyus mai ɗan hali ne ba mai yawa ba, ga saurin fushi, kuma bai karɓi baftisma ba sai dab da mutuwarsa. Uwarsa Monika kuwa Kirista ce mai riƙon addini. Ba a yi wa Agustin baftisma yana jariri ba, domin al'adar mutane da yawa a zamanin ita ce a jinkirta har sai zafin ƙuruciya ya wuce.

Makaranta ba ta yi masa daɗi ba da fari. Ya sha bulala ƙwarai, har addu'arsa ta fari da ya iya tunawa ita ce roƙon Allah kada a doke shi a makaranta, iyayensa kuwa dariya suke yi masa. Latinanci ya iya shi tun a gida cikin wasa da raha, amma Girkanci da aka cusa masa da sanda bai taɓa sonsa ba. Da ya girma ya yi tunani a kan wannan, ya ga cewa sha'awar da yaro ke da ita ta son sanin abu ta fi tsoro amfani wajen koyo. Da na zo wurin nan cikin littafin sai na tuna da bencin baya, na ajiye shi na ɗan lokaci.

Daga Tagasta aka kai shi Madaura ƙarin karatu. Yana ɗan shekara 16 kuɗi suka ƙare wa ubansa, ya dawo gida ya yi shekara guda a zaune ba aikin fari ba na baƙi. A shekarar nan ce shi da abokansa suka shiga gonar maƙwabci da dare, suka kakkaɓe 'ya'yan wani itacen marmari, suka ɗiba suka zuba wa aladu. Ba yunwa suke ji ba, a gidansu ma akwai waɗanda suka fi waɗannan daɗi. Bayan shekaru kusan talatin abin bai bar ransa ba, domin ya gane cewa laifin kansa ne ya yi masa daɗi, kuma da shi kaɗai ne da bai yi ba. Wanda duk ya zauna a makarantar kwana ya san irin wannan ɓarna ta taron yara.

Wani mai arziki na garinsu ya taimaka aka aika shi Kartaj, babban birnin da ke kusa da Tunis ta yanzu, domin ya koyi ilmin balaga, watau fasahar magana a gaban jama'a, wadda ita ce ƙofar samun babban aiki a mulkin Romawa. Can ya ɗauki wata mace suka zauna ba aure, ta haifa masa ɗa a shekarar 372, aka sa masa suna Adiyodatus, ma'anarsa kyautar Allah. Yana ɗan shekara 19 ya karanta wani littafi na Sisero, shahararren masanin Romawa, wanda ya cusa masa ƙishin neman hikima. Sai ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya ga ko zai same ta a ciki. Fassarar Latinanci da ke hannun mutane a lokacin ba ta da daɗin harshe, shi kuwa saurayi ne mai ji da iliminsa, sai ya raina ta ya rufe.

Nan ne mabiyan Mani suka same shi. Mani wani mutum ne da ya tashi a daular Farisa cikin ƙarni na uku, ya koyar da cewa iko biyu ne ke yaƙi tun fil'azal, na haske da na duhu, kuma mugunta daga duhun take. Mutanensa suna yi wa Tsohon Alkawari ba'a, suna yi wa samari alkawarin za su bayyana musu kome da hujja, ba sai sun ba da gaskiya kawai ba. Koyarwar ta yi wa Agustin daɗi, gama ta sauke masa nauyin laifinsa ta ɗora wa wani abu dabam. Shekara tara ya yi tare da su. Monika da farko har ta hana shi cin abinci a gidanta, daga baya ta sauko. Ta je wurin wani bishop tana kuka tana roƙonsa ya yi muhawara da ɗanta. Bishop ya ƙi, ya ce yaron bai shirya jin magana ba tukuna, ta dai ci gaba da addu'a, domin ɗan da aka zubar wa hawaye haka ba zai hallaka ba.

Duk wannan lokaci aikin malanta yake yi, da fari a Tagasta, sa'an nan a Kartaj. Ɗaliban Kartaj ba su da ladabi, sukan faɗo aji da hayaniya su watsa darasi. Da ya ji an ce na Roma sun fi natsuwa, sai ya ƙudura tafiya a shekarar 383. Uwarsa ta bi shi har bakin teku tana roƙonsa, ya yi mata ƙarya cewa wani aboki yake rakiya, ya bar ta tana addu'a a wani ɗakin sujada, jirgi ya tashi da shi da dare. A Roma kuwa ya tarad da wata cuta dabam. Ɗalibai sukan zauna lafiya lau har lokacin biyan kuɗi ya yi, sa'an nan su kwashe gaba ɗaya su koma wurin wani malami. A shekarar 384 aka zaɓe shi malamin balaga na birnin Milan, inda fadar sarkin Romawa take a lokacin. Yana da shekara talatin ya kai inda kowane malami ke buri, amma ransa ba daɗi. Ran nan yana shirin jawabin yabon sarki, wanda ya san cike yake da ƙarya, sai ya ga wani maroƙi a hanya ya sha ya bugu yana ta dariya, ya ce wa abokansa mutumin nan ya fi su samun abin da suke nema.

Bishop na Milan a lokacin shi ne Ambros. Agustin yakan je jin wa'azinsa domin ya auna fasaharsa kaɗai, irin yadda ɗan sana'a ke leƙen aikin ɗan'uwansa. Amma a hankali ma'anar ta bi daɗin maganar ta shiga. Ambros ya nuna cewa wuraren Tsohon Alkawari da mabiyan Mani ke yi wa dariya suna da ma'ana a ƙarƙashin baƙaƙen, wadda mai gaggawa ba ya gani. Littattafan wasu masanan Girka kuma suka taimake shi ya gane cewa mugunta ba halitta ba ce mai zaman kanta, rashin alheri ce, kuma daga nufin mutum take fitowa sa'ad da ya juya wa Allah baya. Hankalinsa ya yarda, amma halinsa bai bi ba. Shi da kansa ya faɗa cewa tun yana saurayi yakan roƙi Allah tsarkin rai, amma yana so a jinkirta masa.

Akwai abu guda a nan da ba shi da daɗin faɗi. Monika ta biyo shi Milan, ta nema masa auren 'yar manyan mutane wanda zai dace da matsayinsa. Saboda haka aka sallami matar nan da ya zauna da ita shekara goma sha wani abu, ta koma Afirka ta bar ɗanta, ta kuma yi wa Allah alkawari ba za ta ƙara sanin wani namiji ba. Ko sunanta bai rubuta ba. Yarinyar da aka ba shi kuwa saura shekara biyu ta isa aure, sai ya kasa jira ya ɗauki wata. A ganina matar nan da aka kora ta fi shi cika alkawari a lokacin, shi ma bai ɓoye hakan ba.

Cikin watan Agusta na shekarar 386 wani ɗan ƙasarsu mai aiki a fada, Fontisiyanus, ya ziyarce shi. Ya ba shi labarin Antoni na Masar, wanda ya rabar da dukiyarsa ya shiga hamada, da labarin wasu ma'aikatan sarki biyu da suka bar aikinsu bayan sun karanta tarihin Antonin. Da baƙon ya tafi, Agustin ya fita lambun gidan hankalinsa a tashe, ya faɗi ƙarƙashin wani ɓaure yana kuka. Sai ya ji murya kamar ta yaro daga gidan maƙwabta tana ta maimaita cewa a ɗauka a karanta. Ya koma inda ya bar littafin wasiƙun Manzo Bulus kusa da abokinsa Alifiyus, ya buɗe, idonsa ya faɗa a kan ƙarshen sura 13 ta wasiƙa zuwa ga Romawa, inda Manzo ke gargaɗi a kan shaye-shaye da fasikanci da husuma, yana kiran mutum ya yafa Almasihu. Bai ƙara gaba ba. Littafin da ya raina yana ɗan shekara 19 shi ne ya yanke masa shakka yana da 31.

Ya ajiye aikinsa, ya fasa auren, ya koma ƙauye tare da uwarsa da ɗansa da abokai. A daren Ista na watan Afrilu 387 Ambros ya yi masa baftisma tare da Adiyodatus da Alifiyus. Suna kan hanyar komawa gida Monika ta kwanta ciwo a Ostiya, tashar jiragen ruwa ta Roma, ta rasu bayan kwana tara tana da shekara 56. Ta riga ta tanadi kabari kusa da na mijinta a Tagasta, amma ta ce su binne ta ko'ina, abin da take roƙo kaɗai shi ne su riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji. A shekarar 388 ya dawo Afirka, ya sayar da gadonsa, ya zauna da 'yan abokai cikin addu'a da nazari. Ba a jima ba ɗansa ya rasu yana saurayi.

A shekarar 391 ya je Hipo, garin bakin teku da yanzu ake kira Annaba. Yana tsaye cikin masu sujada tsohon bishop Baleriyus ya ce yana bukatar mataimaki, sai jama'a suka kama Agustin suka tura shi gaba, aka naɗa shi firist yana hawaye. Abin da ya fara roƙo shi ne a ba shi ɗan lokaci ya yi nazarin Littafi Mai Tsarki kafin ya hau aiki, gama ya ga saninsa bai isa ya koyar ba. Wajen shekarar 395 ya zama bishop, ya riƙe aikin har ƙarshen ransa. Da safe yakan zauna yanke shari'ar gado da ta bashi da ta gona, wani lokaci har ya wuce cin abinci. Ya hana a ci naman wanda ba ya nan a teburinsa, ko da baƙon bishop ne. Ya taɓa narkar da kayan azurfa na coci domin fansar kamammu. Cikin wasiƙunsa da aka gano aka buga a shekarar 1981, akwai wadda ta ba da labarin yadda jama'ar cocinsa suka kuɓutar da mutane wajen 120 daga hannun fataken bayi a tashar Hipo.

Littattafan da Fada ya ba ni, ɗaya shi ne Ikirari, wanda ya rubuta wajen shekarar 397 zuwa 400, inda ya ba da labarin ransa cikin siffar addu'a. Ɗayan ƙarami ne, amsa ce ga wani dikin na Kartaj mai suna Diyogiratiyas, wanda ya yi kukan cewa koya wa masu shirin baftisma ya gundure shi. Agustin ya ce masa abin da ya fi muhimmanci shi ne malami ya koyar da farin ciki. In maimaita abu ɗaya ya ishe ka, ka tuna yadda garinku yakan zama sabo a idonka ran da kake zagawa da baƙo. In ka ga mai sauraro yana hamma, ka ba shi wurin zama, ko ka sako wata magana mai daɗi, ko ka taƙaita. In ya yi shiru, ka jawo shi da tambaya a hankali, ka ba shi zarafi ya faɗi abin da bai yarda da shi ba. Mai ilmi da marar ilmi kuma ba hanya ɗaya ake bi da su ba. A wani littafin ya kafa ma'auni na karatun Littafi Mai Tsarki, cewa wanda ya ga kamar ya fahimci wata aya, amma fahimtar ba ta ƙara masa ƙaunar Allah da ta maƙwabci ba, to bai fahimce ta ba tukuna.

Tambayar yaron nan kuwa na same ta. Agustin ya rubuta sharhi babba a kan Littafin Farawa mai kashi 12, kuma shi ma ya tsaya a kan kwana ukun da ba rana. Ra'ayinsa shi ne kwanakin nan ba irin namu ba ne, Allah ya halicci kome a lokaci guda, hasken farko kuma mai yiwuwa na ruhu ne, watau mala'iku. Bai ce lalle haka ne ba, wurare da yawa tambaya ya bari. Ya kuma yi gargaɗi cewa abin kunya ne Kirista ya yi ta shirme a kan taurari ko dabbobi yana cewa Littafi ne ya faɗa, domin wanda ya san abin zai yi dariya, ya kuma ƙi yarda da Littafin a kan al'amuran ceto. Babban Taron Batikan na Biyu ya bi wannan hanya a shekarar 1965, da ya ce mai karatu ya lura da irin salon rubutun da kowane marubuci ya yi amfani da shi. Mu da za mu koyar da addini da safe, mu koyar da kimiyya da rana ga yara guda, wannan gargaɗi namu ne.

Ba zan ce bai yi kuskure ba bayan tubarsa. Ikkilisiyar Afirka ta rabu biyu a zamaninsa, tsakanin Katolika da mabiyan Donatus. Da fari ya ce da lallashi kaɗai za a jawo su, amma daga baya ya goyi bayan hukuma ta tilasta musu, kuma mutanen baya sun kafa hujja da maganarsa sun zalunci wasu. Ikkilisiya ta bayyana a 1965 cewa ba a tilasta wa kowa a kan addini. Shi kansa ya san ɗan Adam ajizi ne, domin wajen shekarar 426 ya zauna ya bi littattafansa 93 ɗaya ɗaya yana nuna inda ya yi kuskure. Malamai nawa ne cikinmu za su iya wannan ko da a kan darasi guda?

Da Gotawa suka ci birnin Roma a shekarar 410, masu bautar gumaka suka ce barin allolin kakanni ne ya jawo. Amsarsa ita ce Birnin Allah, littafi mai kashi 22 wanda ya ɗauke shi daga 413 zuwa 426, inda ya nuna cewa kowace daula mai wucewa ce, kuma abin da mutane ke ƙauna shi ke nuna ko su 'yan wane birni ne. A shekarar 429 Bandalawa suka ƙetaro daga Sifen, a 430 suka kewaye Hipo. Ya ƙi gudu ya bar jama'arsa. A wata na uku zazzaɓi ya kama shi, ya sa aka rubuta masa Zaburan tuba aka manna a bango inda zai iya gani daga gado, yana karantawa yana kuka. Ya rasu ran 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75. Abokinsa Fosidiyus, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce bai bar wasiyya ba domin ba shi da abin bari, sai littattafai. Ƙasusuwansa suna Pabiya ta Italiya. Ikkilisiya tana tunawa da shi ran 28 ga Agusta, da uwarsa kuma ran 27. Fadoji masu bin ƙa'idarsa, 'yan ƙasar Ailan, sun kama aiki a lardin Adamawa a shekarar 1940, kuma Paparoma Liyo na 14, wanda aka zaɓa ran 8 ga Mayu 2025, ɗan ƙungiyarsu ne.

A makon ƙarshe na gwajin koyarwa na kira yaron nan gaban aji. Ya fito yana ɓoye hannu a baya, yana tsammani wata bulalar ce. Na faɗa wa aji cewa tambayarsa mai kyau ce, ni ne ban san amsa ba ran nan, kuma dukan da na yi masa ban yi daidai ba. Sa'an nan na ba su abin da Agustin ya faɗa, da Hausa mai sauƙi yadda za su gane. Ban rufe baki ba ya sake ɗaga hannu, ya ce in Allah ne ya halicci kome da kyau, wa ya sa wa macijin nan mugun nufi? Na ce masa wannan ita ce tambayar da ta wahalar da Agustin fiye da shekara goma, ni ma ban gama karatunta ba, amma in na dawo ziyara zan zo masa da abin da na samu. Alkawarin yana kaina har yanzu, littafin Fada ma ban mayar ba tukuna.

Allah ya ba mu haƙuri da yaran da za a danƙa a hannunmu, ya kuma ba mu ƙarfin halin cewa ba mu sani ba a ran da ba mu sani ba. Amin.